Ƙyallen Jirgin Injiniya

Tun da Injiniya Maitama ya yi ritaya, Hajiya Sailuba ba ta sake cin abinci cikin kwanciyar hankali a gidanta na Upper Marlboro da ke Amurka ba. Wasu mazan in sun bar aiki sai su riƙa zuwa masallaci da wuri, ko su shuka tumatir a bayan gida. Nata mijin jirgin ruwa ya ɗauko, irin wanda iska ke turawa. Mutumin da aka haifa a Fagge, wanda sai da ya yi gemu ya ga ruwan da ya fi dam ɗin Tiga, shi ne ya je ya yi kwas, ya dawo ya ce zai sayi jirgi ya ajiye a bakin tekun Chesapeake.

Dillalin, wani Bature mai suna Gregory, ya nuna masa jirage biyu, kusan komai nasu ɗaya, ban da babban ƙyallen da ke kama iska. Na farko, ƙyallensa naɗewa yake cikin doguwar sandar tsakiya kamar labulen taga, kana zaune kusa da sitiyari ka ja igiya, shi ke nan. Na biyu kuwa irin na da ne: sai mutum ya tashi, ya taka saman jirgin yana tangal-tangal, ya je gindin sandar ya ɗaga ko ya sauke da hannunsa. Sailuba ba ta san komai game da jirgi ba, amma ta san likita ya buɗe wa mijinta jijiyar zuciya bara, ta san gwiwarsa ta hagu, ta kuma san bai iya iyo ba sai irin na kwamin wanka. Tsoronta ɗaya ne, kuma ba ta ɓoye shi ba: kada wata rana a kira ta a ce ya faɗa ruwa.

"Baban Afnan, ka ɗauki mai naɗewar nan mana, kowa ya huta."

"Ba ki gane ba ne," in ji shi, yana zana mata sanda a bayan ambulan da biro. "In ya maƙale a ciki iska na kaɗawa fa? Ba ya shiga, ba ya fita. Kuma ƙyallen ba ya cika ciki yadda ya kamata, jirgin sai ya yi nauyin jiki. Wannan na masu son hoto ne."

Haka ake yi da safe, haka ake yi bayan la'asar. Baƙi ma ba su tsira ba. Wata ƙawarta ta zo daga Gaithersburg don duba jikin Injiniya, ta tashi da laccar ƙyalle. Abin ya ishi Sailuba har wuya. Sai Injiniya ya yanke shawara, wai zai yi hayar jirgi mai ƙyalle irin na da ranar Asabar, ta zo ta gani da idonta cewa ba wani abu ba ne. Zai tafi da Khalil, mijin 'yarsu Afnan, wanda ya koyi tuƙin irin wannan jirgi tun yana jami'a.

To, Khalil yaron kirki ne, kirkin ma har ya yi yawa. A Kano ya tashi, hannun kakarsa, kuma duk shekarun da ya yi a Amurka ba su rage masa kunyar suruki ko kaɗan ba. A gaban Injiniya ba ya ɗaga kai, ba ya ɗaga murya, abinci ma sai an kai masa wani ɗaki. In Injiniya ya ce gabas ce yamma, Khalil zai ce, "Haka ne, Abba." Sailuba ta sha yaba wannan hali a gaban ƙawaye, ba ta taɓa tunanin za a shiga ruwa da shi ba.

Da farko tafiyar ta yi daɗi, dole ta yarda. Ta zauna a lungu da rigar ceto a kan atamfarta, ta ɗaure mayafi tamau, tana ta salati a zuci. Injiniya ya ɗaga ƙyalle da kansa, yana haki yana murmushi, yana waiwayenta ko ta gani. Ta gani sarai, har da yadda ya dafe ƙirji da ya zaci ta kau da kai.

Can da rana ta karkata, iska ta ƙaru, jirgin ya fara kwanciya gefe guda. Injiniya ya ce a rage ƙyalle, ya bar wa Khalil sitiyari, ya rarrafa ya hau saman rufin. A ƙasan ƙyallen akwai wani gungumen ƙarfe kwance, wanda in iska ta juya yake sharowa daga wannan gefe zuwa wancan, daidai tsayin kan mutum. Injiniya ya miƙe tsaye a hanyarsa, ya ba shi baya, yana fama da wata igiya da ta harɗe.

Sailuba ta ga fuskar Khalil ta canza. Ya dubi ƙyallen, ya dubi ruwa, ya murɗa sitiyari da ƙarfi, jirgin bai bi ba. Sai ya buɗe baki, a hankali, kamar mai neman izinin shiga ɗaki:

"Abba... don Allah, in ba damuwa, da za a ɗan..."

Gungumen ya motsa.

"Maitama! Kwanta!"

Muryar ta fito tun daga cikinta, har wasu masu kamun kifi a nesa suka waiwayo. Injiniya ya zube rub da ciki ba tare da ya tambayi dalili ba. Ƙarfen ya wuce fuu ta samansa, ya kwashe hularsa, zanna bukar ɗin da ya fi so, ya jefa ta cikin ruwa. Suna kallo ta yi ɗan yawo ta nutse.

Khalil ya sunkuyar da kai, kunya biyu ta haɗe masa, ta shirunsa da ta abin da kunnensa ya ji. Tun ranar da aka kai Sailuba ɗakinta ba ta taɓa furta sunan mijinta ba. Da can "ka ji" ne, da aka haifi Afnan ya koma Baban Afnan, ko a asibiti da ma'aikaciya ta tambaye ta sunan mara lafiya, katinsa ta miƙa. Yanzu ga shi ta kwarara shi a tsakiyar ruwa, a gaban suruki, kamar mai kiran ɗan aike. Haushi ya cika ta, na mijin, na yaron, na jirgin, har na kanta.

"Kai kuma," ta juya kan Khalil, "sai ka gama gaisuwa tukuna ƙarfe ya jira ka?"

"Ki yi haƙuri, Umma."

"Haƙurin me? Juya mu gida!"

A mota, bayan sun sauke Khalil, suka kama hanyar gida. Sailuba ta shirya tsaf, tana jira Injiniya ya ce laifin iska ne, ko na igiya, ko ya sake kawo zancen maƙalewa, ta ba shi amsar da ta daɗe tana tanadi. Da suka tsaya a danja sai ya ɗauki waya ya kira Gregory, ya ce masa cikin Turanci, a gajarce, mai naɗewar zai saya. Ya ajiye wayar yana kallon titi, sanƙonsa a fili babu hula.

"Ba wai ya fi ba ne," ya ce. "Har gobe wancan ya fi."

"Na ji."

Sannan ya ce, "A ofis Matt suke ce mini. A masallaci Injiniya. Tun da Yaya Haleema ta rasu ban ƙara jin sunana yadda ake kiransa a gida ba. Na ma manta yadda yake."

Sailuba ta ji hawaye ya taru mata, abin ya ƙara ba ta haushi, don ba ta gama fushi ba. Ta juya ta taga, ta gyara mayafi.

"To ka riƙe wannan ɗin da kyau," ta ce. "Ba na so ka sake sa ni in faɗe shi."