Yatsun Gwaggo Tasalla

Daren jiya na yi mafarki, amma a cikinsa rana ce tsaka.

Abu biyu na yi kafin in kwanta. Na karanta babi tara na wani ƙagaggen labari a kan masu kwafar littattafai da hannu a zamanin da. Sannan na koma kan kundin hotunan gidanmu da nake haɗawa a kwamfuta tun da na dawo daga karatu. Akwai hoton ranar da zan tafi, ina ɗan shekara goma sha biyu, riƙe da akwatin ƙarfe. Na yanke gefensa don ya shiga firam. Sai da na adana na tuna cewa a gefen nan hannun Gwaggo Tasalla yake, wadda ta raine ni. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, kuma ina can ta rasu. Takardar hoton kuwa gara ta cinye tun bara.

A mafarkin, ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa yana tafiya sama. Mata sun kifa bokitai suna tara. Na naɗe wando na shiga Ofishin Abubuwan da Aka Yanke. Wani bunsuru mai tabarau ne a teburin.

"Ranka ya daɗe, hannu nake nema."

"Na dama ko na hagu?"

"Na dama. Da lalle."

"Rubuto."

Na rubuta na miƙa. Ya tauna takardar a hankali ya haɗiye.

"Ta shiga fayil. Ka dawo shekaranjiya."

Sai ga ni a zauren Malam Cindo, mai kwafar nan na cikin labarin. Alƙalaminsa yana tsotse tawada daga takarda yana mayar da ita kwalba. Littattafansa ba ɗinki, warƙa-warƙa suke a cikin gafaka. Ya nuna mini ƙasan wata warƙa, inda kalma ɗaya take zaune ita kaɗai a gefe.

"Ka ga wannan? Ita ce farkon warƙar da ke biye. Ko iska ta watsa littafin, da ita muke gane mai bin wani."

"Wancan tulin takardun fa?"

"Wani mai son tsafta ne ya datse masa gefe. Shekara arba'in ina jera shi. Har yau dokin cikinsa mutuwa yake fara yi kafin a haife shi." Ya dube ni. "Kai ma da almakashi ka zo?"

Na duba. Almakashi ne a hannuna, kuma ba shi da baki.

Sai tasha. Motoci suna shigowa da baya, fasinjoji suna sauka suna ban kwana. Gwaggo Tasalla tana zaune a kan akwatina. Ta kare fuskarta da faifai, kamar yadda take yi in mai hoto ya shigo gida. Hannun rigarta na dama babu komai a ciki.

"Bature, an dawo?"

"An dawo, Gwaggo."

"Ka ci abinci a can?"

"Na ci."

"Ba alama."

Na durƙusa. Ruwan yana bi ta gwiwoyina yana wucewa sama.

"Gwaggo, ni na yanke miki hannu."

"Na sani, Mudi. Da shi na ɗaure maka dambun nama a ƙasan akwatin nan. Ka samu?"

"Na samu. Wata uku ina ci kaɗan-kaɗan."

"To ya gama aikinsa. Amma ka bar mini yatsu uku a kafaɗarka. Su ma na ji gobe za ka goge, wai datti ne."

"Sauke faifan in ga fuskarki."

"Shekara goma sha biyu kana kallonta. Wace kwamfutar ka sa ta?"

Na tuna zanen gefen bakinta da haƙorinta na gaba mai ɗan giɓi. Sauran bai zo ba.

Ta fara sauke faifan. Goshi ya fito. Sai faifan ya fara ƙara, ƙwam, ƙwam, ƙwam.

Na farka. Ashe mai ruwa ne yake buga ƙofa da murfin jarka.

Na karɓi jarka biyu, na dawo na kunna kwamfuta. Na buɗe hoton na faɗaɗa kafaɗar yaron. Tabo uku ne ja-ja, waɗanda na sa wa alama jiya don in goge yau. Da na ƙara faɗaɗawa, kowanne da farcensa.

Na cire firam ɗin. Shafin ya karkace, gefen hoton ya fito a yanke. Haka na adana shi.