Sallamar Zalɓe na Huɗu

A Rigachikun aka ƙera jiragen yaƙin da ake kira Zalɓe, a wata masana'anta da ke bayan titin Zariya. Ƙafafunsu ne suka jawo musu sunan. Dogaye ne na ƙarfe, suna naɗewa a ƙarƙashin ciki idan jirgi yana sama, su miƙe idan zai sauka. Tsawon kowanne ya kai tirela biyu. Babu matuƙi a ciki, kuma ba sa shan mai, hasken rana suke zuƙa ta bayansu. Guda shida aka yi, aka tura su daji su yaƙi 'yan bindiga, su kwaso waɗanda suka ji rauni.

Na farkon ya yi ɓarna. Dira kawai yake yi a tsakiyar ƙauye, ya taka rumbu, ya taka akuya, har wata rana ya taka mutum. Ma'aikatan suka ce ai ko baƙo ba ya faɗa wa gidan mutane haka. Sai aka sa wa sauran lasifika, aka koya musu sallama. Jirgi zai tsaya a sama ya yi sallama. In an amsa, an ba shi izini ke nan, sai ya sauka daidai inda muryar ta fito. In ya yi uku babu amsa, ya juya. Da aka zo ɗaukar murya, Gambo mai walda aka zaɓa, don shi ke kiran salla a masallacin ma'aikata.

Sun yi aiki. An harbo ɗaya, ɗaya ya faɗa kogi da damina. Da daji ya lafa aka kira sauran gida aka yanka su. Na huɗu ne kaɗai bai zo ba, harsashi ya lalata abin da yake jin umarni da shi. Tun daga nan yake yawo. Duk sanda wani abu ya lalace a jikinsa, sai ya nemi gidan ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙera shi, domin an saka masa adireshinsu saboda gyaran gaggawa. A watan jiya ya je gidan wani injiniya a Unguwar Rimi. Maigadi yana cin abinci ya ji sallama, bakinsa ya riga shi amsawa. Katanga da ɗakin maigadin duk suka zama ƙasa, shi ma ba a fito da shi da rai ba.

Gambo kuwa ya rasu tun bara, zazzaɓi ne ya yi ajalinsa. A gidansu na Abakpa saura mahaifiyarsa Inna Delu, wadda idonta ya mutu, da ƙaninsa Zaharaddeen mai tuƙa keke napep, da matar ƙanin, Harira. Ba wanda ya taɓa gaya wa Inna muryar wa ke cikin jirgin.

Ranar, bayan azahar, Harira na tsintar shinkafa a tsakar gida wayarta ta yi ƙara. Mijinta ne, yana haki.

"Ina Inna?"

"Tana ɗaki tana jan carbi. Lafiya?"

"An ga Zalɓe ya wuce ta Kawo, unguwarmu ya nufa. Ba ku da lokacin fita. Harira, kada ta amsa."

"To ni ya zan yi da ita?"

"Ki yi ko me za ki yi. Gidan nan duka bai kai faɗin cikinsa ba."

Harira ta ajiye tiren a hankali. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa cin abinci a gaban Inna ba, ba ta taɓa yi mata magana a tsaye ba. Tana cikin tunanin abin da za ta ce, rana ta ɓace. Inuwa ta rufe tsakar gidan. Kaji suka dare, kwanon rufi ya fara kaɗawa. A maƙwabta aka kashe rediyo, aka ja yara ɗaki. Ta ɗaga kai ta ga cikin jirgin, baƙin ƙarfe duk tsatsa, ƙafa ɗaya na reto kamar za ta cire.

"Assalamu alaikum."

Muryar a natse take, irin ta mutumin da ya dawo daga aiki. Harira ta ji laɓɓanta sun motsa da kansu. Ta cusa bakin zane ta cije.

Labule ya ɗaga. Inna ta fito tana lalube da hannu, carbi na lilo.

"Wa nake ji kamar Gambo?"

Harira ta durƙusa a gabanta. "Inna, ba shi ba ne. Jirgin nan ne. Don Allah ki yi shiru."

"Ke 'yar nan, ni za ki gaya wa muryar abin da na haifa? Ana sallama kin zauna kamar turmi. Haka ake yi a gidanku?"

"Inna, in aka amsa, kanmu zai sauka."

"Assalamu alaikum."

Carbin ya faɗi. Fuskar tsohuwar ta juya sama, ta buɗe kamar ta mai gani. Ta ja numfashi.

Harira ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta zagaya bayanta, ta toshe mata baki da tafin hannu, ɗaya hannun ta rungume ta. Jikin Inna ba nauyi, amma ta yi ta fizga. Ta yaƙushe ta, ta cije ta a gindin babban yatsa. Harira na kuka ba sauti, tana raɗa mata a kunne, "Ki yafe min, Inna, ki yafe min." Iska mai zafi na saukowa daga jirgin, tana watsa shinkafar da ke tire. Ƙafafun suka fara warwarewa da ƙara, suna shirin a ba su izini.

"Assalamu alaikum."

Harira ta ji laɓɓan Inna suna motsi a cikin tafinta, tana amsawa har ƙarshe. Ta ƙara dannewa, ta rufe ido tana jira ta ji ko sautin ya fita.

Aka daɗe. Sannan ƙafafun suka koma suka naɗe, inuwar ta ja jiki ta yi gabas, rana ta dawo.

Harira ta sake ta, ta zube a ƙasa, jini na bin hannunta. Ta sunkuyar da kai tana jiran zagi, ko a ce ta haɗa kayanta.

Inna ta zauna a bakin ƙofa. Ta daɗe tana goge baki da mayafi.

"Ɗana ya yi sallama a gidan ubansa, an bar shi a tsaye," ta ce. "Zai dawo?"

"Ƙafarsa ba ta gyaru ba, Inna. Ina jin zai dawo."

Tsohuwar ta laluba har ta kamo hannun da ta ciza.

"To daga yau kada ki yi nisa da ni, ko kasuwa kada ki je. In na sake jin muryar nan, wallahi amsawa zan yi."