Sukurun Tagar Inna

Tunda ruɗewar tsufa ta kama Inna, ɗanta Auta ya ɗauko ta ya dawo da ita gidansa, can saman bene. Ba ta da rigima, sai abu guda: ta ɗauka tagar ɗakinta ƙofar tsakar gidanta ce ta da. Taga ce doguwa ta gilashi, mai zamewa gefe, ƙasanta bai wuce gwiwa ba. Sau biyu matar Auta tana kama ta tana kiciniyar fita, wai za ta kwashe shanya.

Auta ya tsallaka titi ya je shagon mai kayan gini da ke kallon gidan. Mutumin ya zaɓar masa wasu 'yan ƙananan sukuru na farin ƙarfe, irin waɗanda ba sa tsatsa, masu tsini, da ke yanka wa kansu hanya idan ana murɗa su. Ya ce ya ɗaura ɗaya a kwarmin da tagar ke gudu, yadda ba za ta buɗe fiye da tafin hannu ba. Ya ja masa kunne kuma cewa irin wannan sukuru sau ɗaya yake yanka hanyarsa da kyau, in ya fita a huda masa sabon wuri. Auta ya ce to, irin to ɗin nan nasa da ba ya wuce leɓe.

Abin ya yi aiki. Sai dai Inna, da ta manta sunayen jikokinta, hannunta bai manta komai ba. Matar da ta shekara da shekaru tana kwance keken ɗinkinta tana mayarwa, sukuru ɗaya ne zai gagare ta? Da gindin cokalin shayi take warware shi, ta ajiye a kan hannun kujera, don ita ba ta yarda a yar da abu ba. Auta ya dawo daga aiki a gajiye, ya gani, ya yi tsaki, ya mayar da shi raminsa. Gidan haya ne, ba ya son ya cika wa mutane taga da huji. Matarsa ta ɓoye cokula, Inna ta koma amfani da makulli.

Haka aka yi ta yi, ta cire, ya mayar. Kullum sukurun sai ya ƙara saurin shiga, shi kuwa har daɗin hakan yake ji.

Wata Asabar da hantsi, matarsa ta tafi kasuwa, ya sa sukundireba ya murɗa, sai ya ji abin yana ta juyawa bai kama komai ba. Ya sa farce ya ɗago shi, ya fito salin-alin. Ya waiga ya ga Inna tana gyangyaɗi a kujera. Ya tura sukurun cikin ramin don dai ido, ya kulle ɗakin ta waje, ya sauka da sauri don ya samo mai kauri.

Mai shagon bai ce ai na gaya maka ba, amma ya ɗauki lokacinsa yana jawo akwatuna, wannan ya yi tsawo, wancan kansa ya yi faɗi. Auta yana tsaye yana karkaɗa ƙafa. Can ya ga mutumin ya daina tono, idonsa ya wuce ta saman kafaɗarsa.

Ya juya. Tagar a wangale take, labule yana kaɗawa waje. Inna na tsaye a bakinta, ta gyara ɗaurin zane, tana duban ƙasa. Ya fito bakin titi da gudu yana ɗaga mata hannuwa biyu, motoci na wucewa tsakaninsa da gidan. Ɗaga hannun ne ya sa ta gan shi. Ta gane shi kuwa, abin da ta daɗe ba ta yi ba, fuskarta ta cika da damuwa.

"Auta, wa ya kai ka tsallaken titi kai kaɗai?" in ji ta. "Tsaya nan, kar ka motsa. Ga ni nan zuwa."

Ta dafa gefen tagar, ta ɗaga ƙafar dama.