Kamun Malam Sabo

Injin ya yi gurnani sau biyu, ya tofo gyaɗa ko'ina a zauren, ya tsaya cak. Hajo ta leƙa kwanon da ta tara. Ko ɗigon mai babu.

"To, Injiniya, karo na uku ke nan."

Injiniya Suhail ya share gumi. Shekara biyu shi da abokan aikinsa na jami'a suna fama da wannan ƙaramin injin matsar man gyaɗa, domin mata irin Hajo, wadda ta shekara talatin tana matsa da hannu a Ƙofar Kibo har kafaɗunta suka gaji da ita. Likita ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye, ta daina. In injin bai tashi ba, ita da sana'ar ƙuli-ƙuli sun yi sallama ke nan.

Maƙwabcinta Malam Sabo maƙeri ne ya duba zanen, ya ce sandar ƙarfen da ke murza gyaɗa ta yi gajarta, a mai da ita kamu ɗaya da yatsu uku. Bai kai ga hura wuta ba ciwo ya kwantar da shi, sai Suhail ya sa aka ƙera a jami'a.

"Wallahi, Hajiya, yadda ya faɗa na yi. Kamu ɗaya da yatsu uku."

"Da kamun wa ka auna?"

Suhail ya dubi ɗan guntun hannunsa, daga gwiwa zuwa kan yatsa.

"Kai, ɗan nan! Malam Sabo fa, mutumin da sai ya sunkuya yake shiga zaurena?"

Ta yafa mayafi, suka tsallaka lungun. Rahmatu, matar Malam Sabo, ta yi musu iso, tana roƙon kada su daɗe. Yana kwance a kan tabarma, ya rame ƙwarai. Da ya ji abin da ya faru, dariya ta so kama shi, tari ya hana.

"Duk bokon nan, Injiniya?"

"A yi haƙuri, Baba."

"Kawo tef ɗin naka."

Ya kasa ɗaga hannun. Rahmatu ce ta tallafe shi, Suhail ya durƙusa ya auna. Santimita bakwai ne tsakanin kamunsa da na Suhail.

"Rubuta," in ji Malam Sabo. "Ni ban taɓa rubutawa ba. Gani nake hannun kullum yana nan." Ya juyo da ido. "Hajo, in man ya fito, ki ɗiba wa Rahmatu."

"Kai ma za ka ci a tuwo, in sha Allahu."



Washegari bayan azahar Malam Sabo ya cika. Hajo ta yi kuka sosai, ba na injin ba. Shekara arba'in tana jin bugun gudumarsa ta bayan katanga, yanzu lungun ya yi mata tsit.

Ranar sadakar bakwai Suhail ya iso a keke napep da sabuwar sandar, an naɗe ta cikin buhu. Ya ɗaura, ya tayar da injin, ya rage masa ƙara saboda masu zaman makoki a ƙofar gidan Malam Sabo. Hajo ta zuba gyaɗa, ta koma kan kujera 'yar tsuguno.

Can sai ɗigo ya sauka a kwanon, wani ya biyo, sannan mai ya zubo siriri, da ɗuminsa. Ta zauna tana kallo, hannayenta biyu a kan cinya.