Sugan da Ba Nata Ba

Shekara goma sha ɗaya Carsinah ta yi tana fama da ciwon suga, huɗu daga ciki da allura safe da yamma. Yatsunta duk sun yi kanta saboda hujin gwaji, ga gishiri yana shiga ramukan, don aikinta ke nan tun tana budurwa: feɗe kifi, zuba masa gishiri, shanya shi a kan gadajen gora a bakin tekun garinsu, Indramayu. Hawan sugan bai cika ba ta tsoro ba, saukarsa ce ke hana ta sakewa. A da in zai sauka takan ji rawar jiki da gumi, sai ta jefa alewa a baki. Yanzu jikin ya daina yi mata gargaɗi. Sau biyu ana ɗauko ta daga tsakanin gadajen kifi kamar buhu.

Bayan na biyun ne 'yarta Rohaeni, wadda ta shekara shida a Taiwan tana jinyar wani tsoho, ta sa aka kawo mata wani ɗan kwali. A ciki akwai wani farin abu kamar maɓallin riga babba. Ana manna shi a bayan damtse, ya yi sati biyu yana auna sugan jini ba dare ba rana, yana aika lambar zuwa wayar gida, daga nan ta wuce wayar Rohaeni. Kowane ɗaya kusan rupiya miliyan guda.

"Miliyan!" in ji Tarmidi, mijin Carsinah. "Ko da zinare aka yi shi?"

"Bapak, da gumina aka yi shi," Rohaeni ta amsa wa ubanta daga cikin wayar. "A manna wa Mimi." Haka take kiran uwarta.

Sati biyun nan Carsinah ba za ta manta da su ba. Rana ta uku tana tsakiyar juya kifi wayar ta yi ƙara a aljihunta. Ba ta ji komai a jikinta ba, amma lambar ta nuna sittin da biyar, tana gangarowa. Ta zauna a inuwa, ta sha shayi mai zaƙi, ta tashi ta ci gaba da aikinta. Da yamma ta ba maƙwabciyarta Darsem labari tana dariya har da hawaye.

"Yu Darsem, abin nan ya fi ni sanin jikina." Yu take ce mata, wato yaya.

A cikin satin ne aka yanke wa wani abokin Tarmidi ƙafa saboda ciwon suga. Tare suka yi shekaru a jirgin kamun kifi, tare suke zaman rumfar kofi. Tarmidi ya je dubiya asibiti ya dawo, abinci ma ya kasa ci. Shi ma yana da sugan, amma mai sauƙi, ƙwaya ɗaya da safe, ita ma sai ya tuna.

Da kwali na biyu ya iso, Carsinah ta naɗe hannun rigarta ta miƙa masa damtse, don idonta ba ya ganin ƙananan abubuwa, shi ke manna mata. Ta ji ƙarar ɗan abin manna ya yi ƙas, amma ba ta ji komai a fatarta ba. Ta waiga. Maɓallin yana damtsensa.

"Kang, me ka yi?" Haka matan garin ke kiran mazansu.

"Kin ɗana naki. Kin ga yadda jikinki yake, ai kin koya."

"Nawa ne. Don ni ta aiko."

"Ita 'yar wa ce? Ke kaɗai kika haife ta?" Ya sauke hannun rigarsa. "In aka yanke min ƙafa wa zai kai ki asibiti a babur? Sati biyu kawai, Nah. Kuma in kika faɗa mata, kin san halinta. Za ta ce iyayenta macuta ne ta daina aiko da komai. Sai ki ci maɓalli."

Ya karɓe wayar ma, tunda dole ta kasance kusa da mai maɓallin. Tsohon da aka cire mata, wanda ya riga ya mutu, ya adana shi a gwangwanin taba. Duk ranar Lahadi, kafin Rohaeni ta kira su ta bidiyo, sai ya manna mata shi da filasta.

Sati biyu ya zama wata, wata ya zama uku. Tarmidi ya zama abin kallo a rumfar kofi. Yakan sha kofi da madarar gwangwani, ya bi da soyayyar ayaba, sannan ya ajiye wayar a tebur, maza su kewaye suna kallon layin yana hawa kamar ana tseren kwale-kwale.

"Ɗari biyu da arba'in! Tarmidi, jininka ai a zuba a shayi!"

Ya yi dariya, ya ce aƙalla shi ya san inda yake, ba kamar su ba da ke tafiya a duhu. Bai rage cin komai ba. Ganin lambar kaɗai ya ishe shi magani.

Ita kuwa lambar tana isa Taiwan da sunan Carsinah. Da azahar, in tsohon da take jinya ya yi barci, Rohaeni takan kira. Tarmidi ya kawo wayar wurin shanya, ya miƙa wa matarsa, ya tsaya a kanta.

"Mimi, me kika ci da ƙarfe goma?"

"Ba komai, 'yata."

"Ba komai ne ya kai ɗari biyu da sittin? Mangwaro ne ko? Kin san abin da nake yi a nan? Kashin uban wani nake kwashewa da hannuna. Rabona da sabon takalmi shekara biyu. Ke kuma kina can kina lasar zaƙi kamar ƙaramar yarinya!"

Carsinah ta ɗaga ido ta dubi mijinta. Shi yana kallon teku.

"Ki yi haƙuri. Zan kiyaye."

"Kullum za ki kiyaye. Ba ni Bapak."

Ya karɓa da muryar tausayi. "Ina ƙoƙari da ita, Eni. Kin san uwarki da kwaɗayi."

A nan Rohaeni ta yanke hukunci: a rage wa Mimi shinkafa zuwa rabi, ba shayi mai zaƙi, ba alewa a aljihu. Ba ta tsaya nan ba, ta kira Darsem ta roƙe ta ta sa ido. Darsem mace ce mai riƙon amana, ta ɗauki abin da gaske. Ta zo har gida ta zazzage aljihun rigar aikin Carsinah, ta kwashe alewa shida.

"Kya ji kunya, Nah. Yarinya tana wahala a ƙasar mutane."

"Yu, in ya sauka fa?"

"Wane sauka? Ta turo min hoton na gani da idona, kullum yana sama kamar tutar jirgi."

Shekara talatin da huɗu Carsinah ba ta taɓa kai ƙarar mijinta wurin kowa ba, har ta manta yadda ake farawa. Ta ci gaba da allurarta yadda likita ya rubuta, abinci kuma rabi. Tarmidi da kansa yake auna mata shinkafar, ya ɗauki hoton kwanon ya aika wa 'yarsa, abin da ya rage a tukunya ya juye a nasa.

Ranar wata Laraba jirage suka shigo da kifi da yawa, aka fara feɗewa tun da sassafe. Wajen sha ɗaya da rabi Carsinah ta ga gadajen gora sun zama biyu-biyu. Ta sa hannu a aljihu, ba komai. Ta yi niyyar kiran Darsem, harshenta ya ƙi juyawa. Ta faɗi da fuska a kan gadon kifi, gadon ya karye da ita, goran ya tsaga mata goshi.

Mata suna kanta suna ihu sai ga Tarmidi ya iso da waya a hannu tana ƙara. Ganin matarsa a ƙasa ya daskare. Darsem ta fizge wayar.

"Ba ni ita!" muryar Rohaeni ta fito kafin a ce komai. "Ɗari biyu da tamanin! Yau kuma me ta saci ci?"

"Eni, uwarki ta faɗi, ba ta motsi."

"To ai dole! Suga ya yi mata yawa!"

A ɗakin shan magani na unguwa ma'aikaciyar jinya ta huda yatsan Carsinah. Talatin da huɗu kacal. Ta ɗaura mata ruwa da sauri, sannan ta naɗe hannun rigarta tana neman maɓallin da Darsem ke ta faɗi. Babu komai sai shacin filasta. Ta dubi wayar, lambar tana nan tana motsi. Ta dubi Tarmidi, da rigarsa mai dogon hannu a wannan zafin.

"Malam, ɗaga hannun rigarka."

Rohaeni tana kan layi, ta ji komai.

Kwana huɗu Carsinah ta yi a babban asibiti. Ta farfaɗo, amma hannun damanta ya rage ƙarfi, wuƙa ba ta zama a cikinsa. A kwana na ukun Rohaeni ta kira. Carsinah ta yi zaton kuka za su yi tare.

"Wata uku, Mimi. Wata uku ina zaginki kina cewa in yi haƙuri."

"Ubanki ne, Eni. Tsoro ne ya..."

"Shi na san halinsa tun ina goye. Ke ce kika cuce ni. Kin bar ni na hana uwata abinci da bakina. Yu Darsem ta sani, duk unguwa ta sani. Da wace fuska zan dawo garin nan?" Ta ja numfashi. "Ba zan ƙara sayen abin nan ba. Kuɗin banza. Ki koma hujin yatsanki."

Ta kashe wayar. Kuɗin abinci ya ci gaba da zuwa duk wata, amma kiran Lahadi ya tsaya.

Darsem ta daina shigowa gidan, kunya ta hana ta. In sun haɗu a hanya sai ta gaishe ta da sauri ta wuce. Mai wurin shanya ya ce wa Carsinah ta huta tukuna, ya ɗauki wata a gurbinta.

Kwali ɗaya ya rage a kan kabad, wanda ya iso tana asibiti. Ran da ta cika sati da dawowa ta ɗauko shi da hannun hagu, ta zauna a bakin gado tana ƙoƙarin ɓare ledar da haƙori. Tarmidi ya shigo ya tsaya yana kallonta. Ya rame, tun ranar nan bai koma rumfar kofi ba, don yanzu Ɓarawon Maɓalli suke kiransa.

"Kawo in taya ki," ya ce.

Ta riƙe kwalin a ƙirji.

"Ke yanzu a gida kike, Nah, ba inda za ki. In kin faɗi ina nan, zan gani. Ni kuwa tun jiya babban yatsan ƙafata yake min wani iri." Ya miƙo hannu. "Ki dubi ƙafar in kina ganin ƙarya nake."

Ta dubi ƙafar. Idonta ba ya ganin ƙananan abubuwa. Ya zare kwalin daga hannunta a hankali, ba ta da ƙarfin riƙewa, ya zauna kusa da ita ya fara naɗe hannun rigarsa.

"In ta kira," ya ce, "ki ce mata ta yi haƙuri ta ci gaba da aikowa. Ke takan ji maganarki."