Zanar Rumfar Zaɓe

Maharazu na durƙushe a gindin tsamiya yana saƙa, yana cusa gamba yana dannewa da gwiwa, sai inuwar mutum ta rufe masa aiki. Ya ɗaga kai ya ga Alhaji Bilya, mai sayen audugar ƙauyen, wanda a fadamarsa Maharazu ke noman albasa shekara takwas.

"Ranka shi daɗe, da ka aiko ai na zo."

"Zauna abinka. An ce kai malamin zaɓe na Ƙanƙara ya ba aikin rumfa?"

"Ni ne, Alhaji. Zana huɗu, a kewaye akwatuna, kowa shi shiga shi kaɗai."

Alhaji ya sa tsinin sandarsa a tsakiyar zanar ya ɗan buɗa ta. "To, ta bayan nan, ka bar mata ido kamar haka. Mutumina zai zauna a gindin katanga. So nike in san wanda ke cin arzikina yana jefa ma wasu."

Ya juya, sannan ya ƙara da cewa, "Albasarka ta yi kyau bana. Na gani."

Maharazu ya daɗe yana kallon ƙofar da sandar ta bari. Ko yatsa biyu ba za su shige ta ba.

* * *

A gida ya tarar da matarsa Suwaibatu tana sussukar dawa, wanta Harisu kuma na zaune a rana yana shafa man shanu a hannunsa na dama. Harisu baduku ne daga wajen Maraɗi. Bara Faransawa suka yi zaɓen i ko a'a a ƙasarsu, shi ya zaɓi a'a. Bayan kwana uku wasu ƙarti suka tare shi a hanyar kasuwa. Tun daga ranar yatsunsa uku ba su sake miƙewa ba, kuma bai sake kwana a garinsu ba.

Maharazu ya faɗa musu yadda aka yi. Suwaibatu ta jingine taɓarya.

"Malam, 'ya'ya biyar gare mu. In ya karɓe fadamar nan, mi za mu ci da bazara? Kai saƙa aka sa ka. Abin da wani ya leƙa ba zunubinka ba ne."

Bai ga laifinta ba, don shi ma abin da zuciyarsa ke ta faɗa masa ke nan tun daga gindin tsamiya. Ya dubi surukinsa. "Kai fa, ba ka ce komai ba."

Harisu ya ci gaba da shafa mai. "Mi zan ce? A gidanka nike ci. Sai dai ni har yau ban san wanda ya gan ni ba. Kowa na tuna a garinmu sai in ce ko shi ne. Har liman na zarga, Allah shi yafe mini. Wannan ya fi hannun ciwo."

Maharazu ya tashi ya ɗauki lauje. Suwaibatu ta tambaye shi ina za shi da tsakar rana haka.

"Gamba ba za ta isa ba," in ji shi.

* * *

Ranar zaɓe maza suka yi layi tun hantsi, wasu daga rugage, wasu daga hanyar Mabai. Mata ba su da ƙuri'a, sai leƙe ta kan danga. Labarin idon zana ya riga ya zaga gari, shi ya sa layin ya yi tsit, kowa na kallon ƙafarsa.

Malamin zaɓe ya zagaya rumfar yana bubbuga ta, ya yi dariya. "Kai, wannan ai rumbu ka gina mana!"

Zana biyu biyu Maharazu ya haɗa a kowane gefe, ya ɗinke su da igiyar rama, ya yaɓe gindin da laka. Mutumin Alhaji ya zauna a bayan rumfar yana ta soka yatsa, har gamba ta yanke shi, ya tashi yana tsotsa. Wani tsoho da ya fara shiga ya fito yana gyara hula, ya raɗa wa na bayansa, "Duhu ne ciki. Kai da Ubangijinka." Maganar ta bi layi daga kunne zuwa kunne, har ta kai ƙarshe. Sai aka fara jin tari, da gaisuwa, da ɗan raha.

Maharazu ma ya shiga kamar kowa. Ya tsaya gaban akwatunan, kowane ɗan takara da nasa, ya lalubi wanda yake so, ya saki takardarsa.

* * *

Ɗan takarar Alhaji ne ya ci, amma ba da rinjayen da aka yi tsammani ba, kuma babu wanda aka iya nunawa da yatsa. Babu wanda aka tare a hanya. Maharazu kaɗai aka san abin da ya yi, don haka kafin Juma'a Alhaji ya aiko masa ya cire albasarsa ɗanya ya bar fadamar. Suwaibatu ta kwana biyu ba ta yi masa magana ba, a rana ta uku ta ɗauki kwando ta bi shi suka kwaso tare.

Suna shanya ta a tsakar gida sai ga Goggo Baraka, tsohuwar da mijinta ya rasu bara, tana dogara sanda.

"Maharazu, gonar marigayi ta bakin rafi ta zama saura. Ɗiyana maza biyu sun shiga rumfarka sun fito lafiya. Je ka noma, mu raba."

Ya shiga yi mata godiya. Ta ɗaga masa hannu.

"Bar godiya. In zaɓe ya zo kanmu mata, ko bayan raina ne, kai za ka yi mana tamu rumfar. Ka yi mata ƙofa mai faɗi, mu da goyo muke tafe."

Ta duƙa ta zaɓi albasa biyu masu ɗan girma, ta ƙulle a bakin zanenta, ta fita a hankali.