Gahawar da Ta Ƙi Rawa

Duk safiyar Asabar, tsofaffin ma'aikatan ƙera mota na birnin Detroit a Amurka kan taru a bayan shagon donat, wato soyayyar fulawa mai sukari, kuma suna da al'adarsu. In aka kawo mota, sai a ɗora kofin gahawa a kan murfin inji, a tayar. Gahawa ta yi rawa, mota ce. Ba ta yi ba, amalanke ce.

Odessa Pruitt ta san wannan tun zamanin mijinta Lemuel, wanda ya shekara talatin yana ɗaure injin mota ƙirar Redtail. Tasa Redtail ɗin tsatsa ta cinye ta tuni, shi ma ƙasa ta rufe masa ido. Tambarin sunan kawai ya rage, na ƙarfe, ƙunshe cikin hankici a jakarta. To, ga shi kamfanin ya dawo da sunan a jikin sabuwar mota mai lantarki. 'Yarta Yvette ta saya, ta dame ta da roƙon tambarin babanta don ta maƙala. Odessa ta ce gahawa ce za ta yanke hukunci.

Cleophus, aminin marigayin, ya ɗora kofi. Yvette ta danna maɓalli. Gahawa ta kwanta luf, har gajimare ake gani a cikinta.

"Ta tashi ne?" Cleophus ya kara kunne. "'Yata, firjin gidana ya fi wannan gurnani."

"Kawu, ai gwiwarka ma tana ƙara, ina take kai ka?" in ji Yvette.

Stosh mai fenti ya tuntsire da dariya, sukari duk a gashin baki. "Ƙugun motar dai irin na tsohuwar Redtail ne, ban musa ba. Amma ko warin fetur babu! Odessa, kar ki liƙa Lemuel a jikin injin wanki."

Odessa ta sauke kofin.

"Mama, zagaye ɗaya kawai," in ji Yvette.

Odessa ta shiga motar da kofin a hannu. Suka hau titi shiru, kamar suna tafiya a kan ruwa. Can Yvette ta taka totur. Kujera ta fizge Odessa, itatuwa suka narke suka zama kore guda. Sai ta ga kanta budurwa a cikin tsohuwar Redtail, iska ta sace mata ɗankwali, Lemuel na gefe yana motsa baki. Sau uku ya nemi aurenta a ranar, rurin inji yana haɗiye maganar. Yau babu ruri. Abin da take ji shi ne wani siririn fito ta tsakanin haƙora, irin wanda Lemuel yake yi in zai sha kwana. Ta waiga. Yvette ce, ba ta ma san tana yi ba.

Da suka dawo, Odessa ta fito a hankali, siket ɗinta na zuwa coci sharkaf da gahawa. Ta miƙa wa Cleophus kofin, ko ɗigo babu.

"Ta yi rawa," in ji ta.

"Haba, matar Lemuel! A kan murfi ake ɗorawa!" in ji Cleophus.

"Ku kuka tsaya a murfi. Ni a ciki na zauna shekara arba'in."

Ta kwance hankicin, ta hura tambarin, ta goge da hannun riga.

"Stosh, daina lasar yatsa. Ɗauko sukundireba."